Tarayya Ta Ba da Umarni, Wa Zai Aiwatar?

A watannin farko na korona ban cika kwanciya ba sai na ga alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Nijeriya, NCDC, ke fitarwa can cikin dare. Jerin jihohi ne, kowace da adadin waɗanda aka tabbatar sun kamu a ranar, Legas a sama kusan kullum. Da farko manyan lambobin ne ke tayar min da hankali. Daga baya sai na koma lura da jihohin da ba sa fitowa a jerin sam, da waɗanda lambarsu ta tsaya cak mako da makonni alhali ta maƙwabtansu na ta hawa. Jiha ta yi shiru a irin wannan jeri, ɗayan biyu ne: ko ba a gwaji a cikinta, ko ana yi ba a faɗa. Tun daga nan na fara bin diddigin abin da ke gudana tsakanin gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohi, a Nijeriya da sauran ƙasashe masu irin wannan tsari. Har yau ina ganin a wannan tsakanin aka rasa rayuka da dama waɗanda da an tsaya da kyau ba za a rasa su ba.

Tushen wahalar yana cikin yadda aka raba iko. A ƙasa mai tsarin tarayya, gwamnatin tsakiya ce ke riƙe da filayen jiragen sama, tashoshin jiragen ruwa, kan iyakoki, babban asusu, da hulɗa da Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma ma'aikacin da zai shiga gidan mara lafiya ya ɗauki samfuri, da wanda zai bi sawun mutanen da suka yi cuɗanya da shi har kwana 14, da makarantu da kasuwanni da tashoshin mota, yawancinsu a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. A Nijeriya asibitocin koyarwa na tarayya suna sama, manyan asibitocin garuruwa na jihohi ne, ƙananan cibiyoyin lafiya kuma a matakin ƙananan hukumomi suke. Tsarin mulkin 1999 ya sa killace masu cuta cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma dokar da aka tarar a ƙasa ta 1926 ce, tun zamanin Turawa. Sashe na 8 na wannan doka ya ba gwamna damar ɗaukar mataki a jiharsa idan shugaban ƙasa bai ɗauka ba. Sai kuma wani ƙulli: gwamna na iya sa dokar kulle, amma 'yan sandan da za su tsare titi na tarayya ne. Hukumar NCDC kuwa, wadda ba ta samu dokar da ta kafa ta ba sai a ƙarshen 2018, tana samun alƙalumanta ne daga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma zuwa ma'aikatar lafiya ta jiha, sannan su iso Abuja. Idan wani ya toshe hanyar a tsakiya, Abuja ba ta ganin komai.

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020. Ranar 9 ga Maris aka kafa kwamitin shugaban ƙasa kan korona a ƙarƙashin sakataren gwamnatin tarayya na lokacin, Boss Mustapha, Dakta Sani Aliyu na jan ragamar aikin yau da kullum. Kwamiti ne na ministoci da shugabannin hukumomin tarayya, kuma sun yi aiki tuƙuru, ba na raina ƙoƙarinsu. Sai dai waɗanda za su aiwatar da mafi yawan abin da kwamitin ya yanke suna can a gidajen gwamnati 36, kowa da nasa kwamitin. Kaduna ta sa dokar hana fita kafin tarayya ta sa tata. Da Shugaba Buhari ya yi jawabi ranar 29 ga Maris ya rufe Legas da Ogun da Abuja na kwana 14 daga daren washegari, gwamnan Ogun ya nemi a ɗaga masa zuwa 3 ga Afrilu domin mutanensa su shirya, aka kuma amince. Amincewar ta yi kyau. Amma irin wannan magana kafin jawabi ya kamata a gama ta.

A Ostireliya sun bi wata hanya. Ranar 13 ga Maris ɗin nan dai, Firayim Minista Scott Morrison da shugabannin jihohi 6 da yankuna 2 suka kafa majalisa guda, su tara, suna zama a kai a kai ta intanet, ga likitocinsu na ba su shawara a tare. Jam'iyyunsu daban-daban ne, kuma sun sha saɓani, musamman kan makarantu da rufe iyakokin jihohi. Abin da ya burge ni shi ne wanda zai aiwatar yana zaune a wurin da ake yanke shawara, don haka ba shi da bakin fitowa gobe ya ce ba da shi aka yi ba. Duk da haka, kwana shida da kafa majalisar, jirgin ruwan yawon buɗe ido mai suna Ruby Princess ya sauke fasinjoji kusan 2,700 a Sidni kafin sakamakon gwajin marasa lafiyan cikinsa ya dawo. Kan iyaka aikin tarayya ne, tantance lafiyar fasinjoji kuma jami'an jiha ne suka yi. Mutanen suka watsu cikin ƙasa, ɗaruruwa suka kamu, mutum 28 suka mutu. Zaman shugabanni a sama bai wadatar ba muddin ma'aikatan da ke bakin tasha ba su san wane ne ke da maganar ƙarshe ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne batun alƙaluma, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ka sa kanka a kujerar gwamna a watan Afrilun 2020. Farashin mai ya faɗi warwas, kason da jihohi ke samu daga Abuja na shirin raguwa, albashi na jira. Idan ka yi gwaji da yawa lambarka za ta hau, idan ta hau za a rufe maka jiha, kasuwa ta tsaya, harajin cikin gida ya tsaya, talakawan da sai sun fita suke samun na yini su juyo kanka. Me za ka samu a madadin haka? Legas ta samu naira biliyan 10 daga tarayya tun a watan Maris, kuma ta cancanta, domin a can wutar ta fara ci. Amma babu wata rubutacciyar ƙa'ida da kowane gwamna ya sani cewa idan lambarsa ta kai kaza, kuɗi kaza da ma'aikata kaza da kayan gwaji kaza za su iso masa cikin kwana kaza. Idan faɗin gaskiya kulle kawai yake jawowa, to an buɗe wa ɓoyewa ƙofa. Ba ina wanke kowa ba ne. Shugaban da ya ɓoye cuta ya ci amanar mutanensa, ko da wane uzuri zai kawo. Amma tsarin da ya dogara kacokan ga kirkin mutum 36 a lokaci guda, tsari ne mai rauni.

Mun ga yadda abin ya kasance. A watan Mayu tawagar NCDC ta je Kogi domin taimakawa da gwaji, gwamna Yahaya Bello ya ce sai an killace su kwana 14 tukuna, suka juyo Abuja. Da hukumar ta sanar da mutum biyu na farko daga jihar, gwamnatin jihar ta ƙi amincewa. Lambar Kogi ta tsaya a kan 5 har annobar ta lafa, jihar da manyan hanyoyin da suka haɗa Arewa da Kudu suka ratsa ta tsakiyarta. Kuros Riba ba ta shiga jerin ba sai a watan Yuli, bayan likitocin jihar sun yi ta kuka.

Na Kano ya fi kowanne ciwo. An tabbatar da mutum na farko ranar 11 ga Afrilu. Kafin watan ya ƙare, ɗakin gwaji guda da ke jihar ya daina aiki na wasu kwanaki, daidai lokacin da masu haƙar kabari ke cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce yadda suka saba gani, kuma yawancinsu dattawa ne. Gwamna Ganduje ya fito a rediyo ya ce kwamitin tarayya ya yi watsi da Kano. Jami'an jihar kuma suna danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Ranar 27 ga Afrilu Buhari ya rufe jihar na mako biyu ya tura tawaga. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce tawagar ta ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona. Gwamnatin jihar ba ta yarda da wannan ba. Makonnin da aka shafe ana jayayya kan sunan abin da ke kashe mutane, su ne makonnin da ya kamata a ce an gaya wa dattawa su kiyaye taro, an kuma kai iskar oksijin asibitoci. Malamai da farfesoshi da manyan ma'aikata suka tafi a jere, Allah Ya jiƙansu da rahama, kuma iyalai da yawa ba su taɓa samun sakamakon gwaji ba.

Jamus ta rage wannan matsala ta hanyoyi biyu, kuma ina ganin ana iya koyonsu. Na farko, doka ce ta wajabta wa likita da ɗakin gwaji su kai rahoto ga ofishin lafiya na gunduma, daga nan zuwa jiha, zuwa Cibiyar Robert Koch, hukumar tarayya mai sa ido kan cututtuka. Lambar ba ta jiran sa hannun ɗan siyasa. Na biyu, a watan Mayun 2020 shugabar gwamnati Angela Merkel da shugabannin jihohi 16 suka amince da ma'auni guda: gundumar da ta wuce sababbin kamu 50 cikin mutum 100,000 a mako ɗaya, a tsaurara mata matakai. Kowa ya san ƙa'idar kafin ta hau kansa, ba wanda zai ce an ware shi ne don jam'iyyarsa ko yankinsa. Su ma ba su tsira daga rikici ba. Da sanyi ya shigo jihohi suka riƙa sassauta abin da aka amince da shi a taro, har sai da majalisar tarayya ta yi doka a watan Afrilun 2021 cewa duk inda lambar ta haura 100, matakan za su fara aiki kai tsaye ko gwamnatin jiha ta so ko ta ƙi. Sun ɗauki shekara guda kafin su kai ga haka, amma sun kai ta hanyar majalisa, a bainar jama'a.

Sai batun mutanen da suka faɗa tsakanin jiha da jiha, waɗanda ba gwamnatin da ta ce nata ne. A Indiya, Firayim Minista Narendra Modi ya sanar da rufe ƙasar baki ɗaya na kwana 21 a daren 24 ga Maris, saura awa huɗu dokar ta fara aiki. Jiragen ƙasa da motoci sun tsaya. 'Yan cirani masu aikin ƙarfi a manyan birane suka kama hanyar ƙauyukansu da ƙafa, wasu tafiyar ɗaruruwan kilomita, jihar da suka baro ta sallame su, jihar da suka nufa ba ta shirya karɓarsu ba. Namu 'yan tsakanin su ne almajirai. Gwamnonin Arewa suka yanke shawarar kowa ya mayar da almajirai jihohinsu na asali, a daidai lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Aka zuba yara ƙanana a motoci, aka yi ta musayarsu. Da aka gwada waɗanda suka sauka a Kaduna da Jigawa, an samu da dama ɗauke da cutar, sai jihohi suka koma nuna wa juna yatsa. Kwamitin tarayya ya ce kwashe yaran ya saɓa wa ƙa'idar hana zirga-zirga, amma motoci ba su tsaya ba. Ko mutum yana goyon bayan gyara karatun allo ko yana adawa, wannan ba lokacinsa ba ne, kuma ba hanyarsa ba ce. Yaro ɗan shekara takwas da aka ɗora a mota cikin tsoro, ba a gwada shi a inda ya taso ba, aka sauke shi ana kallonsa a matsayin mai kawo cuta, yana da haƙƙi a kan duk wanda ya sa hannu a wannan shawara.

Wani ƙanina direban babbar mota ne, kuma masu ɗaukar kayan masarufi na cikin waɗanda tarayya ta ce dokar ba ta shafe su ba. Ya gaya min cewa a kan iyakar wata jiha takardarsa ta yi aiki, a ta gaba aka ce ba a san da ita ba, ya kwana a shinge har kayan suka fara lalacewa. Motocin fasinja kuwa suna wucewa ta gefensa cikin dare bayan an sallami masu tsaro. Wato dokar ta tare wanda aka halatta wa tafiya, ta saki wanda aka hana. A can sama ma haka ake fama: a Ribas, gwamna Wike ya sa an kama matuƙan jirgi mai saukar ungulu biyu da suka shigo da ma'aikatan mai, ministan sufurin sama Hadi Sirika ya ce sararin samaniya hurumin tarayya ne kuma da izini suka tashi.

A kan sayen kaya ba ni da tababa, aikin gwamnatin tsakiya ne. A Amurka jihohi suka riƙa tsere da juna wajen sayen na'urorin taimaka wa numfashi da takunkumin fuska, kowace na ƙara kuɗi a kan ta 'yar'uwarta, wani lokaci ma hukumar tarayya ta shigo ta fi su duka. Gwamnan jihar Maryland har Koriya ta Kudu ya aika aka sayo masa kayan gwaji 500,000. Indiya ta gwada barin jihohi su sayi allurar riga-kafi da kansu a watan Mayun 2021, wasu manyan kamfanoni suka ce su da gwamnatin ƙasa kawai suke ciniki, a watan Yuni Modi ya janye tsarin. Nijeriya ba ta faɗa wannan rami ba. Allurai kusan miliyan 4 na farko sun sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ta COVAX, shirin duniya na raba allurar korona ga ƙasashe, aka rarraba wa jihohi daga wuri guda.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina kiran a tattara iko duka a miƙa wa tarayya. Birazil ta ishe mu darasi. Shugaba Bolsonaro ya kira cutar 'yar ƙaramar mura, ya yaƙi kulle, kuma a watan Yunin 2020 ma'aikatar lafiyarsa ta daina wallafa jimillar waɗanda suka mutu. Abin da ya ceci mutane da yawa shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na watan Afrilu cewa jihohi da birane na da ikon sa matakansu, da kuma jaridun da suka haɗa kai suna tattaro alƙaluma kai tsaye daga ma'aikatun lafiya na jihohi. Allurar farko da aka yi a ƙasar ma a Sao Paulo aka yi ta, a watan Janairun 2021, da ƙoƙarin gwamnatin jihar. A Kogi jiha ce ta rufe ido, tarayya na ƙwanƙwasa ƙofa. A Birazil tarayya ce ta rufe ido. Don haka dole kowane ɓangare ya kasance yana iya ganin alƙaluman ba sai da yardar ɗayan ba.

Kuma mun taɓa yin daidai, shi ya sa abin ke damuna. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata, ta kuma rasa ranta a dalilin haka. A lokacin Jonathan na PDP ne ke mulki a Abuja, Fashola na APC a Legas, Amaechi a Ribas inda cutar ta ɓulla daga baya, shi kuma tsakaninsa da fadar shugaban ƙasa ba a ga maciji, ga zaɓen 2015 ya ƙarato. Duk da haka cikin 'yan kwanaki aka buɗe cibiyar ba da umarni guda a Legas, ma'aikatan tarayya da na jiha da na ƙungiyoyin duniya a ɗaki ɗaya, shugaba ɗaya, Dakta Faisal Shuaib. Aka bi sawun mutum kusan 900, aka kai ziyarar ido da ido kusan 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar.

Ba daga sama wannan ya faɗo ba. Shuaib da tsarin aikinsa daga yaƙi da cutar shan inna aka ɗauko su. Tun 2009 gwamnoni suka sa hannu a alƙawarin Abuja kan shan inna, a 2012 aka kafa cibiyar ko-ta-kwana ta ƙasa, aka bi da irinta a wasu jihohin Arewa, sarakuna suka shigo ciki, ana auna kowace ƙaramar hukuma da alƙaluman da kowa ke gani. Shekaru aka yi ana zama tare, ana faɗa ana shiryawa, har ma'aikacin tarayya da na jiha suka san juna, suka san wa za a kira da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na san korona ta fi Ebola wuyar kamawa, domin mutum na yaɗa ta tun bai ji ciwo ba, kuma ta shiga jihohi da yawa lokaci guda. Amma jihohin da suka gaji cibiyoyin shan inna da ma'aikatanta sun samu abin dafawa, kuma a tsakiyar koronar, ranar 25 ga Agustan 2020, aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

A cikin annobar an so a gyara doka. Kakakin majalisar wakilai Femi Gbajabiamila ya gabatar da ƙudirin yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a ƙarshen Afrilun 2020. Aka gano an kwaso mafi yawansa daga dokar Singafo, ƙasar da birni ɗaya ce, ba ta da jihohi balle gwamnoni. Ƙudirin ya tara iko mai yawa a hannun shugaban NCDC da ministan lafiya, ƙungiyar gwamnoni ta ce ba a tuntuɓe ta ba, ta nemi a jingine shi. A nan ina ganin gwamnonin na da gaskiya. Inda suka gaza shi ne ba su zo da nasu daftarin ba, wanda zai fayyace yaushe jami'an tarayya za su shiga jiha ba tare da jiran gayyata ba, ya wajabta wa kowane ɗakin gwaji aika sakamako ga jiha da NCDC lokaci guda, ya kuma ɗaura wa tarayya nauyin kai kuɗi da kaya ga duk jihar da lambarta ta kai wani mataki da aka sani tun farko. Da Buhari ya sa hannu a sababbin ƙa'idojin kare lafiya a watan Janairun 2021, lokacin da cutar ta dawo karo na biyu, a kan dokar nan ta 1926 ya sake dogara.